Igiya da Maza Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Talatar nan ba, ranar da na fito daga gidana a unguwar Yalwawa ta Dutse da sabuwar igiya a kafaɗa, maza huɗu na biye da ni, matata Binta na kuka a zaure. Har gobe in na tuna sai in ji gumi ya keto mini a gadon baya, ko da sanyi ake yi.

Bari in faro daga tushe. Da Dutse ta zama babban birnin jiha, na samu aikin kula da sito a wata ma'aikata. Karatuna firamare ne, amma ya isa ƙirga kujeru da rubuta sunan wanda ya karɓi tsintsiya. Aikin zama ne, daga safe har la'asar ina kan benci. Mai ƙosai ta zo, mai fura ta zo, mai dafaffen rogo ya zo, ni kuma ban iya ce wa mutum a'a ba, kada ya tafi da ɓacin rai a tambaye ni ranar gobe. Cikin shekara tara na zama mutum biyu a riga ɗaya.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a abin ya kai maƙura. Sujada ta fara gagara ta. Wata Juma'a na zauna tahiya, aka sallame, kowa ya tashi, ni gwiwoyina suka ce ba da su ba, sai da mutum biyu suka ɗaga ni. Na je asibiti, likita ya gwada ni ya ce jinina ya hau, ciwon suga kuma yana bakin ƙofa. Ya ce, "Malam, ko ka rage wannan tumbin, ko shi ya rage ka." Ya ce in riƙa tafiya a ƙasa, in rage ci. A ƙarshe, cikin hira kawai, ya ce a wasu ƙasashe har tiyata ake yi a rage wa mutum ciki. (Duk maganar da ya yi ta rabin sa'a, wannan kaɗai kunnena ya ɗauko.)

Na shiga tambaya a ofis. Wani ya ce a Masar ake yi. Wani ya ce Indiya. Wani ya ce ya ji ƙishin-ƙishin ana yi a Legas. Ni kuwa ba wuƙar nake tsoro ba, mutuwa a nesa nake tsoro. In abin ya zo da ƙarar kwana a Indiya, wa zai yi mini wanka? Sun san alƙibla? Wa zai tsaya a sahu? Sai na ɗauko littafin taswira na 'yata, na karɓi zaren ɗinki a wurin Binta, na shiga awo daga Dutse. Masar ta ci taƙi guda. Indiya sai da na juya shafi.

Binta tana tsince shinkafa tana kallona. Ta ce, "Malam, mutane suna tambayar wanda ya iya aikin, kai kana tambayar wanda ya fi kusa."

Na ce, "Ke ba ki san mutuwar baƙunta ba."

Ta ce, "Kai sau nawa ka yi ta?"

Na riga na yanke a raina, duk wurin da zare ya fi gajarta, can za ni.

Bayan kwana kaɗan ina kan acaɓa zan koma gida, sai na hangi wani sabon allo, layi uku kacal daga gidana. A sama an rubuta DOKTA, sai wata doguwar kalmar Turanci mai farawa da harafin V, wadda na ɗauka sunan babban digiri ne. A gefe akwai alamar an taɓa zana hoto amma an shafe shi da koren fenti, don lokacin mutane da yawa sun shafe hotunan masu rai a allunansu. Wannan ya ƙara kwantar mini da hankali, na ce likita ne mai tsoron Allah. A ƙasa kuwa an rubuta: MAGANIN KIBA, ALLURA, FIDIYA.

Ga yadda na yi lissafina, kuma ina roƙon mai karatu ya yi mini adalci. Maganin sauro kashe sauro yake yi. Maganin ciwon kai kawar da ciwon kai yake yi. To maganin ƙiba fa? Kalmar ƙarshe kuwa na ce fiɗa ake nufi, wato tiyata, mai fenti ne ya yi ƙarin haruffa kamar yadda suka saba. Layi uku. Ko zare ba a buƙata. In na mutu ma, a kafaɗa za a maido ni gida kafin azahar.

Washegari na shiga. Ɗan ƙaramin ofis ne, tebur ɗaya, kwalaben magani manya-manya, da wani dogon mutum fari cikin farar riga ta likitoci. Na ji wani ɗan wari kamar na turke, na ce maƙwabta ne ke kiwo. Kunya ta hana ni cewa ni ne mai matsalar.

Na ce, "Dokta, na zo kan maganar ƙiba ne, da aikin nan da kuke yi. Akwai wani namu a gida."

Ya ce, "Madalla. Naka ne na kanka?"

"Nawa ne ƙwarai."

"Ya girma?"

"Ya manyanta kam."

"Da an kawo shi tun yana ƙarami ya fi sauƙi, amma ba komai. Yaya yake da ci?"

"Dokta, duk abin da aka ajiye gabansa sai ya ga bayansa."

"Haka ake so. Yana da faɗa?"

"Ko kaɗan. Yara ma hawa bayansa suke yi. Tsoro ne dai ya yi masa yawa."

Ya rubuta wani abu, sannan ya ɗago ya ce, "Yana bin mata?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. A wannan shekarar, da ko tsayawa da mace a bakin titi mutum sai ya waiwaya. Na ce, "A'uzubillahi. Guda ɗaya ce tasa, kuma bai taɓa kallon wata ba."

Ya yi dariya har da buga tebur. "To, bayan aikin nan ko ita ɗin ba zai kula ba. Hankalinsa zai kwanta." (Na ɗauka yana nufin kwanakin jinya.)

Na tambayi allurar barci. Ya ce, "Wace allurar barci? Igiya mai ƙarfi za ka zo da ita, da maza huɗu da za su kayar da shi su danne. Kada a ba shi komai tun daga magariba. Minti goma an gama, da yamma za ka ga ya tashi yana cin abinci. Talata da safe, ku shigo ta babbar ƙofar baya."

Na fito ina nanata maganarsa a raina. Ba allurar barci. Amma da na tuna Indiya sai na ce gara igiya a gida da katifa a ƙasar da ba a san sunan ubana ba.

Daga nan na shiga shirin lahira. Na mayar da biro biyu na ofis da suka kwana a aljihuna. Na bi gida-gida a layinmu ina neman gafara, har da maƙwabcin da na taɓa tsinkar zogalensa ta kan katanga. Duk wanda ya tambaya sai in ce, "Tiyatar rage ciki za a yi mini ranar Talata, a nan kusa." Kafin Lahadi babu wanda bai sani ba a Yalwawa. Na aika garinmu Aujara aka kira Yaya Sale, wana, ya baro girbin gero ya zo. Na kira Ado, taubashina, ɗan gidan kawuna, da maƙwabta biyu masu ƙarfi. Igiyar kuwa da kaina na zaɓe ta a kasuwa, na ce wa mai ita, "Wadda za ta riƙe abu mai nauyi."

Yaya Sale ya juya igiyar a hannunsa ya ce, "Ƙanena, asibiti da igiya?"

Na ce, "Yaya, sabon tsari ne. Ku mutanen ƙauye ba ku san ci gaba ba." (Wannan maganar har yau ba a yafe mini ita ba.)

Ranar Talata muka kama hanya, ni a gaba cikin farar riga, cikina ba komai tun jiya, ina ta salati. Mutum kusan goma suka biyo mu don kara. Da muka zo wurin allon, Yaya Sale bai yi boko ba, ya wuce abinsa. Ado kuwa ya tsaya ya karanta. Na ga ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗunsa na girgiza. Na ce a raina, Allah sarki, ashe duk tsokanar da yake yi mini yana ƙaunata, ga shi yana kuka.

Aka buɗe mana ƙofar baya. Wani makeken fili ne cike da shanu da raguna, ga makiyaya tsaye da sandunansu. A tsakiya an kayar da wani ɗan bijimi an ɗaure shi tamau, mutum huɗu sun danne shi, Dokta na tsugune a bayansa da aska. Kuma wallahi ko a nan ban gane ba. Cewa na yi, ka ga mutumin kirki, har dabbobin maƙwabta yake taimaka wa kafin ya fara ganin mutane.

Ya wanke hannu ya nufo mu yana murmushi. "Sannu da zuwa, Malam. Na ga igiya, na ga maza. Ina san?"

Na ce, "Wane sa?"

"Wanda za a fiɗiye mana. Mai cin nan, mai tsoro."

A nan kalmar ta faɗo mini a ka kamar tubali. Fiɗiya. Ba mai fenti ne ya yi kuskure ba. Abin da aka gama yi wa bijimin nan da ke kwance ke nan, a raba shi da mazakuta don ya daina bin shanu ya yi ƙiba. Na tuna "ko ita ɗin ba zai kula ba." Ban san lokacin da na tattare gaban rigata da hannu biyu ba.

Maimakon in yi shiru in juya, sai bakina ya ce, "Dokta, ai ni ne."

Dokta ya dube ni, ya dubi igiyar, ya sake dubana. Ya ce a hankali, "Malam, nan asibitin dabbobi ne. Maganin ƙiba da ka gani, na ƙara ta ne. Ni ban iya ragewa ba."

Wani dattijon makiyayi ya matso, ya zagaye ni sau ɗaya kamar yana taya sa a kasuwa, ya jingina da sandarsa ya ce, "Shekara hamsin ina kiwo, ban taɓa ganin wanda ya kawo kansa da igiyarsa ba. Dokta, wannan ai ya gama ƙiba, kada ka ɓata maganinka."

Ado ya faɗi ƙasa yana birgima. Yaya Sale bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Cewa ya yi, "Ci gaban ke nan? Don wannan na bar gerona a gona?"

Yunwa da firgita suka haɗu, idona ya yi duhu, na zauna daɓas a kan abin da shanu suka bari. Kuma na kasa tashi. Maza huɗun nan dai sai da suka yi aikinsu, su suka ɗaga ni. Daga baya na tambayi Ado me ya sa bai yi magana ba tun a bakin allo. Ya ce, "Haba ɗan gwaggo, in na faɗa, da wane labari zan tsufa?"

Da muka dawo, Binta ta fito da jajayen idanu ta ce, "Har an yi?" Yaya Sale ya miƙa mata igiyar ya ce, "Allah ya rufa miki asiri, ba a yi ba." Da ta ji bayani, dariya ta yi har sai da ta riƙe turmi. Igiyar nan ita ce ta shanyarta har ta tsinke.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar zafi. Duk gidan da na shiga neman gafara sai da aka aiko yi mini sannu. 'Yan acaɓa na hango ni sai su fara kukan sa. Mai fura ta ce, "Malam, yau fura za a dama ko dusa?" Na daina hawa acaɓa, na daina sayen komai a kan benci. Layin asibitin kuwa na haramta wa kaina shi, kuma shi ne hanyar ofis mafi kusa. Sai na koma zagayawa ta bayan duwatsu a ƙasa, kusan sa'a guda zuwa, sa'a guda dawowa, kaina a sunkuye don kada in haɗu da wanda ya san ni.

Wata bakwai ina wannan gudun kunya. Ran nan a masallaci na yi sujada, na tashi da kaina, sai da na kai raka'a ta biyu na lura ba wanda ya kama ni. Da na koma asibiti likita ya gwada jinina, ya dubi rigar da ke lilo a jikina ya ce, "Malam, a ina aka yi maka aikin?"

Na ce, "A nan Yalwawa, wurin likitan shanu."

Abin da na koya shi ne, kafin ka tambayi nisan asibiti, ka fara tambayar ƙafa nawa marasa lafiyarsa suke da su. Na nemi hanya mafi kusa ta kusa raba ni da abin da ba a mayarwa, mai nisan da na bi don kunya ita ta warkar da ni. Dokta kuwa har ya bar garin, duk inda muka haɗu sai ya gaishe ni da ladabi, sannan ya rage murya ya ce, "Yaya mutumin namu? Har yanzu guda ɗaya ce?"