Basilla a Cikin Kafireta

Bayan yaƙi na sayi tsohon babur na soja a Agege. Don abokaina masu sayar da fata su ji zuwana tun daga nesa, na sa zarto na datse salansar babur ɗin. Sai babur ya kama tari. Makaniken unguwarmu ya ce, "Oga, kafireta ce ke son ƙarin mai. Ka bar min shi zuwa jibi."

Jibi? Ni da na girma ina huda fatar shanu? Na kwance kafiretar, na zura basilla a ɗan ramin da mai ke bi, na buɗa shi son raina.

Washegari na dage ni zan kai surukina tashar jirgin ƙasa, zai hau jirgin Kano. Ya zauna bayana cikin farar babbar riga. Muka tashi da ruri, baƙin hayaƙi na bulbulowa daidai ƙarƙashinsa. Shirun da ya yi, na ɗauka sha'awa ce. A gaban mahauta babur ya yi atishawa ya mutu murus. Ina ta buga shi muka ji kukan jirgi yana tashi.

Dattijo ya sauka, ya dubi rigarsa, ya ce, "Sannu, Malam. Ai na hau jirgin, wajen kwal aka ba ni."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Tuni na sayar da babur. Amma har yau in na ratsa kasuwa a ƙafa, mahauta kan ja da baya, su ce, "A ba da hanya, jirgin Kano ya iso!"