Sanyin Magabata

Da surukina Alhaji ya zo Riyad ganin jikansa, na kai shi, tare da matata da jaririn, wani tsohon gidan ƙasa a Dir'iyya da aka mayar gidan tarihi. Sau ɗaya na taɓa zuwa, amma na ce ba ma bukatar ɗan jagora.

A ɗakin baƙi na tsayar da kowa gaban wasu ƙananan tagogi masu kusurwa uku. Na bayyana yadda maginin ya lissafa iskar hamada har take shigowa da sanyi, ba tare da lantarki ba. Na sa Alhaji ya miƙa hannu. Ya ji sanyi, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ikon Allah." Ganin haka na ƙara da cewa mutanen yanzu na'ura ta sangarta su.

Sai jaririn ya fara atishawa. Mai gadi ya dube shi, ya ciro rimot daga aljihu ya danna. Wani abu ya yi ƙara cikin bango, hikimar magabata ta ɗauke.

Alhaji ya sauke hannunsa a hankali.

Har yau in ya kira daga Kano lokacin zafi, bayan gaisuwa sai ya ce, "Malam, an ɗauke mana wuta. Ko za ka turo maginin nan?"