Sule Biyar a Goshin Zabiya

Ba zan taɓa mantawa da bikin autar Gwaggo Tabawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina (ya ma fara). Zamanin Turawa ne, a shekarun nan na yaƙi da sukari ya ɓace daga kanti, kowa ya koma wa zuma, ita ma zumar ta ɗaga kai. Ina zawarci a Haɗeja a lokacin. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya biyu, da kasko, da akuya guda mai ciki. Sana'ata kuwa alkaki da nakiya, irin na gara, wanda iyayen amarya ke kai wa dangin ango don a san 'yarsu daga gida ta fito.

Wanda bai taɓa yin alkaki ba gani yake wasa ne. Ki samo alkamar fadama mai kyau, ki tsince, ki ɓarza a dutse har kafaɗa ta daina jin magana. Ki murza da mai, ki kwaɓa da nono mai tsami, ki bar shi ya kwana. Gari ya waye ki kirɓa a turmi, ki zauna ki naɗa ɗaya bayan ɗaya, ki soya hayaƙi na cin idonki, sannan ki tsoma a zuma. Duk wannan ba ya gagara ta. Abu ɗaya ne ya gagare ni a sana'ar nan, shi ne in buɗe baki in faɗi kuɗin aikina. Da an ce mini "Nawa ne?" sai kunya ta shaƙe ni, in ji bakina yana cewa, "Haba, ki ba da abin da ya sawwaƙa." Na kuma lura, abin da ke sawwaƙa ga mutane kullum shi ne mafi ƙanƙanta.

Ita Gwaggo Tabawa matar wani dillalin bandar kifi ce a wani ƙauye can ƙetaren kogi. Suna da hali, kowa ya sani. Gwaggon ma ba ta jini ba ce (wai kakarta da kakar marigayi mijina sun taɓa zama gida ɗaya, iyakar zumuncin ke nan), amma duk ranar da take son aiki, ni ɗiyarta ce ta cikinta. Ran nan sai ga ta da sallama, ta baje a tabarmata, ta sha ruwa, ta yi wa yarana addu'a mai tsawo.

Ta ce, "'Yar nan, auta zan aurar, gidan da za ta kuma masu ido ne. Ina son alkakin da in an buɗe ƙwarya dangin miji za su yi tsit. Ƙwarya huɗu, da nakiya biyu. Nawa za ki yi mini?"

Wallahi na riga na yi lissafi a zuci tun tana magana. Sule goma sha biyu, shi ne zan fita ba riba mai yawa, ba faɗuwa. Kalmar ta zo har bakin haƙorana. Sai na ji wata sakarya tana cewa, "Haba Gwaggo, tsakanina da ke har sai an yi ciniki?" Na waiga ban ga kowa ba, ashe ni ce.

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka! Na san ba za ki ba ni kunya ba."

Alkama da mai suka cinye ɗan jarina kaf. Zuma kuwa bashi na karɓa wurin Malam Jibo, wani dattijo da ke kawo ta daga wajen Baturiya duk ranar kasuwa. Ta sule bakwai ya auna mini, ya ce, "Kasuwa mai zuwa, ko? Ni ma masu amya suna jira na." Na ce ba komai, Malam. A raina na san in kuɗin nan bai fito ba, akuyata ce za ta tafi, ita da cikinta, ita da nonon da nake ta yi wa yara alkawari.

Na yi aiki, jama'a. Na yi aikin da har yau in hadari ya haɗo, ƙuguna yana tuna mini da shi. Alkakin ya yi ja, ya sha zuma har yana ƙyalli. Da 'yan ɗauka suka zo suka kwashe, babbar cikinsu ta miƙo mini wani ƙullin tsumma, da goro uku, da busasshiyar tarwaɗa biyu, wai in ji Gwaggo a yi wa yara miya. Suna fita na kwance tsumma. Sule biyar. Na zazzage tsumman, na juya shi, na duba ƙasa ko wasu sun gangara ƙarƙashin turmi. Biyar ɗin dai su ne.

Nan take zuciya ta taso. Na ce yau ƙarshen abin ya zo, gobe yinin biki, da ƙafata zan je. Har na tsara abin da zan faɗa, na yi ta gwadawa a kan akuya ina shara: "Gwaggo, zumunci daban, sana'a daban. Ga kuɗinki. Ko ki cika su sha biyu, ko ki riƙe abinki in san sadaka na yi." A wurin "ga kuɗinki" ɗin nan zan zube mata sulallan a gabanta, a gaban ƙawayenta, su yi ƙara. (Akuyar ta tsorata ƙwarai, abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa ke nan.)

Washegari na ɗaura zanina na fita kunya, na ƙulle sule biyar a haɓarsa, na bar yara wurin maƙwabciya. Lokacin kaka ne, kogi bai janye ba, dole sai an shiga kwalekwale. Kwabo ɗaya tak ya rage mini a gida, shi na ba mai fito. Na dawowa fa? Ai a cikin cikon da zan karɓo, har da canji. Haka na tsara.

Tun daga bakin gari nake jin kiɗan ƙwarya. Na shiga gidan, tsakar gida maƙil da mata, an jera kayan gara a gefe ana nuna wa mutane kafin a kai. Ga alkakina nan a sahun gaba, mata sun kewaye shi suna ta "Kai! Wannan aikin birni ne." Daɗi ya kama ni, haushi ya kama ni, na rasa wanda zan fara ji. A tsakiyar fili ga zabiya, wata ƙatuwar mace mai murya kamar ta fasa tulu, da 'yan amshinta. Dab da ita kuma, a kan sabuwar tabarma, ga Gwaggo Tabawa cikin ƙawayenta ana ta yi mata fifita.

Na yi bisimilla a zuci, na kwance haɓar zani, na juye sulallan a tafin hannu, na miƙe na nufi Gwaggo.

To, a nan hankalina ya yi tafiya ya bar ni. Ni da na girma a gidajen biki, yaya aka yi na manta? Mace ta kwance haɓar zani a filin kiɗa, ta miƙe da kuɗi a hannu, ta nufi inda zabiya take, ai ko jariri ya san abin da ta tashi yi.

Gwaggo ce ta fara hango ni. Ta ɗaga murya, "Ga ta nan! Ga ɗiyata mai alkakin! Wallahi ko ciniki ba ta yarda mun yi ba!"

Zabiya ta juyo, idonta ya sauka a tafin hannuna kafin ya sauka a fuskata. Ta ɗaga hannu, kiɗa ya sauya, ta rangaɗa:

"Mai alkakin birni ta iso,
Hannun zuma, ba ki san awo ba,
'Yar masu kyauta, jikar masu kyauta,
Kwance haɓar zani, talauci ya ruga!"

(Ubana masunci ne, Allah ya jiƙansa. Kyautar da na san ya taɓa yi ita ce kan kifi ga kyanwa.)

Mata suka dare suka ba ni hanya. Wata tsohuwa ta kama hanci ta rangaɗa mini guɗa a cikin kunne. Na duba hannuna, ba anini, ba kwabo, sule ne zalla, ga shi kowa ya gani. A wurin nan kuwa anini ake ta mannawa, wadda ta ji da kanta ta ba da kwabo. Na ce a raina, to, in ba da ɗaya in rabu da ita, huɗu ma sa yi ƙara in an zube su. Na manna mata sule a goshi.

Ta cire, ta ɗaga shi sama. "Sule, jama'a! Sule! Mutanen birni ba sa wasa!"

Bari in faɗi gaskiya, tunda na tsufa ba abin da zan ɓoye. Ba wanda ya murɗe mini hannu. Tun ranar da aka fita da gawar mijina, ba wanda ya ambace ni da ƙarfi sai mai bi na bashi. Yau ga fili guda ana kiran hannuna hannun zuma, ana amsawa, ana tafi. Wani abu ya narke a ƙirjina. Na manna na biyu. Ta ce kakata ta ciyar da gari a shekarar yunwa, na manna na uku. Daga nan ban san lissafi ba, sai dai an ce har rausayawa na yi, har da juyi. Da na dawo hayyacina tafin hannuna wayam, sai gumi.

Gwaggo ta taso ta rungume ni, tana cewa, "Kin fitar da ni kunya, 'yar nan! Za a daɗe ana faɗin bikin nan!" Ashe bayan alkakin da na yi mata kusan kyauta, har sunanta na sayo mata da sauran kuɗin.

Jawabin da na gwada a kan akuya yana nan a bakina, amma me zan zube? Aka zaunar da ni a sabuwar tabarma, aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kifi. Na ci loma biyu kamar ina tauna auduga. La'asar na yi na sulale.

Sai da na hango ruwa na tuna. Mai fito na zaune a bakin kwalekwalensa da ɗan ƙoƙo a gaba, masu shiga suna jefa kwabo suna wucewa. Na matsa kusa, na rage murya, na ce, "Malam, ka taimaka ka haye da ni, gobe in aiko maka."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ba ke ce mai sule biyar ba? Ai labarinki ya riga ki zuwa."

Na ce, "Ni ce. Amma wallahi ba ni da ko anini."

Ya kwashe da dariya har sandar tuƙinsa ta faɗi. Matan da ke cikin jirgin, duk 'yan bikin ne, suka taya shi, suna cewa baiwar Allah akwai barkwanci. Da ya ga ban yi dariya ba, sai ya gyara zama ya ce, "Uwar ɗaki, ni ba na tura jirgi sai na ji ƙarar kwabo a ƙoƙo. In mutum ya riga ya taka wancan gaci, godiya kawai yake biya." Ya tura jirginsa suka bar ni tsaye.

Ba ni da kowa a ƙauyen nan sai mutum ɗaya. Na juya na koma gidan biki. Na lallaɓa bayan Gwaggo na durƙusa, na raɗa mata a kunne cewa ta ranta mini kwabo na fito.

Gwaggo Tabawa ba ta iya raɗa ba. "Kwabo? Kwabo za ki ranta? Ke da kika yi ruwan sule ɗazu?" Kiɗa ya tsaya cak. Zabiya ta juyo, sulallana na ƙulle a ƙugunta, ta dube ni ta kawar da kai. Gwaggo ta kwance lalitarta a hankali, ta tona, ta tona, ta zaro kwabo, ta ɗaga shi yadda kowa zai shaida. "Ungo, 'yar nan. Kar ki damu da biya yanzu. In Allah ya kawo rabo, ai ke za ki yi mana na suna, sai a cire a ciki."

Na karɓa da hannu biyu. Har godiya na yi.

Ranar kasuwa na ja akuyata da kaina, tana tirjewa, ƙaramin ɗana na bin mu yana kuka. Na biya Malam Jibo, abin da ya saura na sayi alkama na sake farawa daga tushe. Ban yi kuka a kasuwa ba, sai da na dawo na ga turken. Abin takaici kuma, labari ya bazu cewa ni mai hali ce, sana'ar ma don nishaɗi nake yi, sai masu biyan rabi suka koma biyan rabin rabi.

Daga nan na koyi faɗin kuɗi. Kunyar ba ta tafi ba, har gobe in zan faɗa turmi nake kallo, ba fuskar mutum ba, amma ina faɗa, kuma ba na ɓarza ƙwayar alkama sai rabi ya shigo hannu. Wasu sun yi fushi, wasu sun ce na lalace. Shekara na zagayowa sai ga Gwaggo da sallamarta da doguwar addu'arta, auta ta sauka. Na kafa wa turmi ido na ce sule goma. Ta yi salati, ta tuna mini da kakanni, ta tashi ta kai bakin ƙofa ta dawo. Ƙarshe ta biya, amma sai da ta sa aka nemo canji ta cire kwabonta.

Ban ga laifinta ba. Ita tun farko ta san kuɗinta kuɗi ne, ni ce sai da na rasa akuya na gane nawa ma haka yake.