Keke Ya Riga Kowa Cika-Ciki

"Lafiya lau na kwana, maigidan da ba ya cefane. Sai yanzu ka tuna kana da mata a gidan nan?"

"Haba amarya, tun da asuba na leƙo na ji kina minshari kamar injin markaɗe, na ce bari in bar tsohuwa ta huta."

Abdulbaƙi ke nan da kakarsa Inna Fatsuma, su dama haka suke in sun haɗu ba mai jin kunnensa. Jiya ya taso daga Limawa cikin Dutse a kan kekensa har gidan gonarsu da ke bayan Aujara, wai shi ba zai hau mota ba keke ya fi daɗi, kuma yau ce ranar cika-ciki da kowa zai ci tuwo har ya kasa tashi. To ita Inna tun Babbar Sallah ta ɓoye jelar ragon layya ta barbaɗa mata gishiri ta rataye saman murhu hayaƙi na dukanta, da ita za a yi miyar yau, kawai ta zo ɗauka ba jela ba dalilinta sai igiya tana reto. Ta birkice ɗakin girki kaf har cikin tulu ta leƙa, sai ga shi ya dawo daga zagayen gona yana ta kaɗa ƙararrawa.

"Kai rabu da ni, yau ba ta kai nake ba. Jelata aka sace."

"Jelarki? Ashe da jela na aure ki? Wallahi an cuce ni, ba wanda ya faɗa min ranar ɗaurin aure!"

"Ja'iri, ta rago nake nufi! Ta layya, wadda na rataye can."

Sai Abdulbaƙi ya yi wani tsuru-tsuru ya jingina keken da garu a hankali.

"Wace iri ce haka?"

"Jela iri nawa ka sani? Baƙa, busasshiya, da kitsenta."

"Au. To ai mage ce. Wallahi magen nan taki tun jiya na ga idonta ba na Allah ba ne."

Bai ma rufe baki ba sai ga magen ta fito daga ƙarƙashin rumbu ta wuce shi ta wuce Inna ta tafi kai tsaye wajen keke ta hau lasar sarƙa tana lumshe ido. Ya ce shit, ta ƙi tafiya, ya sa ƙafa ta zagaya ta ɗaya gefen. Inna ta dafa gwiwa ta sunkuya ta shinshina.

"Maigida."

"Na'am amarya."

"Me ya sa kekenka yake ƙamshin Sallah?"

"Sabon giris ne, na zamani. Bai iso ƙauye ba tukuna."

Ta dangwala yatsa ta ɗanɗana. "Giris da gishiri?"

"Eh mana, don kar ya lalace. Ke ina kika san keke, lokacinku ko jaki sai an yi layi ake kallo."

"Ni ce ban san keke ba? Kakanka a kariyar kekensa ya ɗauko ni ya kawo ni gidan nan, da ya gaji a hanya ni na karɓa na tuƙa shi!"

"Da zani?"

"Da zani da goyon ubanka da tulu a ka, hannu ɗaya, ko ɗigo bai zube ba. Kai kuwa ƙafafu kamar sillen kara, jiya da ka iso sai da aka yi maka fifita."

"Iska nake sha!"

"Ina jelata?"

Ya sosa ƙeya ya kalli sama ya kalli mage.

"To wai sarƙar ce take ta ƙii-ƙii tun a hanya har yara na min dariya. Na shiga neman baƙin mai ban samu ba, sai na ga wani baƙin abu a rataye, na ɗauka irin layun nan ne da kike yi don ki mallake ni. Na taɓa na ji maiƙo, shi ne na ɗan kara shi a garwashi na goga."

"Ka goga."

"Kaɗan fa."

"Ka gasa jelar layya ka ba ƙarfe ya ci."

"Wallahi da kin ji yadda ya gode."

Inna ta shiga ɗaki ta fito da taɓarya a hannu ɗaya, tukunyar miya a ɗaya hannun, ta dire tukunyar a gaban keke.

"Cire sarƙar."

"In yi me?"

"Cire ka sa a nan. Tunda romon yana jikinta ita za mu dafa. In ka tsaya ɓata min lokaci da taɓarya zan cire."

"Inna! Inna don girman Allah, sabuwa ce fa!"

"Au yau ni ce Inna? Ina amaryar ta tafi?"

"Ai haƙoranki biyu ne, da me za ki tauna sarƙa?"

"Tsotsa zan yi. Matsa!"

Ta ɗaga taɓarya da gaske, ya yi tsalle ya rungume keken yana cewa tsaya tsaya, ya cusa hannu ƙarƙashin sirdi ya zaro wata baƙar leda ya kwance. Sai ga jela, gefen mai kitsen duk ya narke ya yi baƙi da dattin sarƙa amma sauran tana nan lafiyarta ƙalau.

"Ga ta. Dama ajiyewa na yi saboda komawa gida."

Inna ta karɓa tana juya ta.

"Ka san wa na ajiye wa wannan? Kawunka Idirisu ya roƙe ni in ɗan yankar masa na hana. Lauratu da take da ciki ta ce ita take marmari, na ba ta kilishi na ce ta yi haƙuri. Na ce maigidana na birni zai zo, ba ya samun irin wannan a can."

Abdulbaƙi ya sunkuyar da kai yana murza birki.

"Ban sani ba wallahi."

"Yo ina za ka sani, kanka ba komai sai iskar taya."

Ta jawo wuƙa ta datse wajen da ya yi baƙi ta miƙa masa a tafin hannu.

"Ungo rabonka. Ka san dai wanda bai ƙoshi yau ba haka zai shekara da yunwa. Kekenka ya ƙoshi, shi kam ya tsira. Kai kuma sai ka zauna kusa da shi ka dinga shinshinawa."

"Na tuba amarya. Na faɗi, kin ci. Ko romo ne a ɗan sammin."

"Tunda ya ci abincin gidan nan sai ya yi aikin gidan nan. Ga bokitin gero can, ka ɗaura ka kai niƙa cikin Aujara, in ka zubar min ko ƙwaya ɗaya kai da shi duk tukunya za ku."

Ya ɗaure bokiti a kariya da roba ya haye ya zagaya tsakar gida sau ɗaya ya dawo gabanta.

"Amma tsakaninki da Allah, saurara. Kin ji wani ƙii-ƙii?"

Inna ta karkata kunne, ya sake zagayawa, shiru kake ji sai taya a kan yashi. Ta so ta daure ta kasa, ta fashe da dariya har tana riƙe taɓarya kar ta faɗi.

"Wallahi ta yi shiru, ɗan nema! Jeka ka dawo da wuri, tsokar tsakiya taka ce. Baɗi kuma biyu zan rataye, ɗaya taka ɗaya ta ƙanen nan naka mai taya."

"Rago ai jela ɗaya gare shi!"

"To ka gaya wa ubanka ya aiko da raguna biyu."