Fankar Famfo a Maƙera

Shekarar da fari ya gasa mu, tsatsa ta cinye fankar injin famfon ƙauyenmu, ruwa ya tsaya. Da yake na taɓa elementare, ni aka tura Gumel in samo wata.

Ma'aikacin ruwa ya ajiye mini biyu: ta ƙarfe, da ta roba mai zaren gilashi a ciki. Ya ce ta robar ba ta tsatsa, ta fi ƙarfe ƙarko. Na ɗauko ta robar ina taku kamar ni na ƙera.

Na tarar da dattawa a bakin maƙera. Sarkin Maƙera ya ƙwanƙwasa ta, ya ce, "Ɗan boko, murfin bokiti ka kawo mana?"

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Baba, abin da ya fi ƙarfe ba ya tsoron wutarka." Na cilla ta cikin garwashi, na ce a zuga.

Aka zuga. Ta lanƙwashe, ta yi baƙin hayaƙi, zaren ya fito kamar gemun masara. Mai gari ya ce, "To, Malam, ɗauko ɗayar."

Babu ɗayar.

Har damina ta faɗi matan garin na zuwa Gagarawa Tasha da tulu, har da uwata, wadda ta daina amsa gaisuwata.

Wanda ya zuga wutar ba mai tuna shi. Ni kuwa ga furfura, amma ko shayi na je sha sai wani ya janye kofin robarsa ya ce, "Injiniya, wannan ba na gwaji ba ne."