Rasuwar Sulken Ƙwaurin Hagu na Callum Vella

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da guntun fushin da ba za a ɓoye ba, ana sanar da 'yan ƙungiyar masu kwaikwayon sojan Rum ta nan garin Ballarat rasuwar sulken ƙwaurin hagu na Callum Vella. Ya cika ranar Asabar da hantsi a filin atisaye, yana da shekara uku.

An haifi marigayin a garejin Callum daga fallen tagulla guda. Wata biyar ana gasa shi ana bugu, ana gwada shi a sharaɓar mai shi, har ya zamo yana kama ƙafa da kansa, ba igiya ba maɗauri. Mai kamun kai ne. In an sa shi, ƙas ɗaya yake cewa ya yi shiru. In takobin katako ya same shi, ya ce ƙwal, bai taɓa bari zafi ya kai ƙashi ba.

Ya rayu shi kaɗai, kuma da hujja. Sojan zamanin da muke kwaikwayo, ƙafar da yake gabatarwa a fagen fama kaɗai yake rufewa. Sau huɗu Callum yana karanta wa kwamitin ƙungiya wannan daga littafin tarihi. Sau huɗu dattawan suna gyaɗa kai, su koma kan nasu sulken na gwangwani bibbiyu da suka sayo a intanet, wai 'yan kallo sun fi son ƙafa biyu na ƙyalli. Shekara goma sha tara ana koya wa 'yan makarantar da ke zuwa kallo kuskure, ana ta tafawa!

Ciwon ajali bai yi minti ɗaya ba. Shugaban ƙungiya, Graeme Tuckey, ya manta sulkensa na ƙafar dama a gida. Callum na can yana juya nama a kan wuta, sai dattijon ya ɗauki marigayin. Aka ce masa na hagu ne, kuma a ƙafar wani aka auna shi. Ya ce, "Haba yara, ƙafa ai ƙafa ce!" Ya wage shi da hannu biyu, ya cusa sharaɓarsa mai kaurin turmi. Marigayin ya ce ƙarrr, bai sake magana ba.

Ya rasu ya bar kwalkwali, garkuwa, takalmi mai ƙusoshi, da ƙwauri ɗaya tsirara, ga babban faretin shekara saura kwana tara. Kwamiti ya miƙa wa Callum gwangwani biyu kyauta don ya rufa asiri. Ya yi godiya, ya mayar. Da ƙafar da uwarsa ta haife shi da ita zai fita.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi ƙarfe goma na safe a garejin, inda za a narkar da gawar. Akwai shayi da gasasshen nama a burodi, kowa ya zo da kujerarsa. Graeme, wanda tun Asabar bai haɗa ido da kowa ba, ya sayo sabon fallen tagulla, ya roƙi a ba shi guduma ya ƙera wani da hannunsa. An ba shi. Aikin wata biyar ne, kuma Callum zai zauna kusa da shi da littafin tarihin nan a buɗe.