Ranar da Na Dirje Bindigar Maƙwabci da Toka

Ba zan taɓa mantawa da yammacin sunan jikana Sadiƙu ba, kuma ko na so mantawa matanmu na garin Greensboro a Amurka ba za su bar ni ba. Har yau in an haɗu a wajen biki, sai wata ta turo tukunyarta gabana ta ce, "Inna, a taimaka mana da wannan hannu mai albarka." Yanzu ina taya su dariya. A ranar kuwa, da ƙasa ta tsage da na shige.

'Yata Auta ce ke da tsohon ciki, aka yi mini takardu na taho daga Haɗeja don in yi mata wankan jego. Gidansu ba a cikin gari yake ba, can McLeansville ne, gida ɗaya nan ɗaya can, tsakaninsu sai ciyawa da itatuwa. Na tarar tana shirin yin jego da ruwan famfo. Na ce ba dai a gabana ba. Na sa aka nemo rabin duro, aka kafa murhu a bayan gida, aka jibge itace. Ni mace ce mai ido. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma in na shiga gida, kafin in zauna na san wace tukunya aka yi wa wankin ganin ido. Nawa tukwanen, mutum yana iya gyara ɗaurin ɗankwali a jikinsu.

Mijin Auta (sunansa ba zai fito daga bakina ba, sunan ɗan farina ne da shi, ga kuma surukuta) mutum ne shiru-shiru, yana aiki a kamfanin da ake yankan ƙarfe. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon bango. In ina da magana, Auta nake ba saƙo, shi ma haka. Ku riƙe wannan, don a nan aka haifi matsalar.

Abin da ya fara ɗaga mini hankali shi ne wani ɗan ɗakin katako a bayan gida. Da ya dawo daga aiki sai ya shige, sai ka ji ƙarar zarto da guga. Da na matsa wa Auta, sai ta ce tsofaffin bindigogin farauta yake gyarawa, ya sassaƙa musu ƙota, ya goge, ya shafe. Na dafe ƙirji. Ni a sanina bindiga ta 'yan sanda ce da maharba, ba ta mai sallah a sahun gaba ba. Ta ce a nan abin kamar kiwon tattabaru ne a wurin maza, kuma duk suna kulle a akwatin ƙarfe, makullin yana aljihunsa. Na ce to, na ji. Amma ban daina leƙe ta tagar kicin ba.

Wanda ya koya masa wannan sha'awa maƙwabcinsu ne, wani dogon tsohon Bature, Mista Roy. Auta ta ba ni labarinsa. A shekarun da ake yi wa mai mayafi wani irin kallo a kanti, shi ne yake ɗaukar ta a akori-kurarsa ya kai ta cefane har High Point Road, ya tsaya a bayanta kamar uba. A filinsa suke yanka ragon layya. Yanzu hannunsa ya fara rawa, ba ya iya aikin ƙarfe. Shi ne ya ɗauko bindigar mahaifinsa, wadda bai taɓa bari kowa ya taɓa ba, ya damƙa wa mijin Auta ya sabunta ta, don yana so ya ba jikansa kafin a buɗe farautar barewa ta shekarar. Da na ji haka na ce a raina, wannan amana ce, kuma idona yana kanta.

To, ga abin da idon nawa ya gani. An raba ƙarfen da katakon. Dogon bututun, da farko na gan shi fari tas, na ce madalla. Kwana kaɗan sai na ga surukin nawa ya rataye shi a wuri mai laima har ya yi jawur da tsatsa. Sai ya ɗauko shi ya dafa a wata doguwar tasa kamar komin dabbobi. Ya fito baƙi. Ya ɗan shafa shi sama-sama da wani buroshi mai laushi, irin shafar da malalaciyar amarya take yi wa bayan tukunya, ya sake ratayewa. Ya sake yin tsatsa, ya sake dafawa. Kullum ƙarfen mutane sai ƙara baƙi yake yi, shi kuwa sai ɗaga shi yake yi a rana yana murmushi.

Na ce wa Auta, "Mijin nan naki ya san abin da yake yi kuwa?" Tana fama da nauyin ciki ta ce, "Inna, don Allah ki bar shi, aikinsa ne." Ni dai na riga na yanke hukunci: yaro ne mai kirki, sai dai ba a koya masa wanki ba, ya ɓata kayan mutane kuma kunya ta hana shi faɗa. In tambaye shi? Ta yaya zan tsaya gaban suruki ina yi masa tambaya kamar 'yar sanda?

Auta ta sauka lafiya. Ana gobe suna na ji tana cewa Mista Roy zai zo cin suna da jikansa, kuma a nan za a nuna musu aikin kafin a mayar da ƙarfen jikin katakonsa. Na ce ina, ba za a tozarta uban jikokina a gaban baƙi ba ina raye.

Da safe maza suka tafi filin maƙwabci wajen yanka. Bututun yana rataye a barandar baya, an shafe shi da mai, baƙi wuluk har yana wani shuɗi-shuɗi. Na sauko da shi, na zauna a kujerar tsugunne kusa da murhun jego. Na ɗebi toka, na haɗa da yashi, na matse lemon tsami, na ɗauko soson ƙarfen da na zo da shi tun daga gida (don an ce mini na nan ba shi da ƙarfi). Na yi bisimilla. Baƙin nan ya yi gardama, ban taɓa ganin dauɗa mai taurin kai irinta ba, har ina cewa a raina, ka ga illar barin abu ya kwana. Amma ni ma ba a san ni da saki ba. Na dirza har kafaɗata ta riƙe. Wajen gindin akwai wasu 'yan haruffa da aka tona a jikin ƙarfen, baƙin ya maƙale a cikinsu, na so in bi su da tsinken ƙarfe in ƙwaƙule, sai aka kira ni ruwan wanka ya tafasa. Wannan kira har gobe ina gode wa Allah da shi. Na ɗauraye bututun, ya fito fari fat yana ɗaukar ido. Na naɗe shi a sabon zane na tura ƙarƙashin gadona.

Bayan la'asar gida ya cika. Alhazawa a tsakar ciyawa a kan kujeru, mata a falo da kicin, yara suna ta guje-guje suna Turanci. Mista Roy ya iso da jikansa, ya sa rigar zuwa coci, ya kawo wa jariri bargo. Ta taga na ga mijin Auta ya zagaya baranda, ya dawo, ya shiga ɗakin katako, ya fito yana share zufa alhali ana sanyi. (Daga baya na gane abin da ke ransa: a ce ƙarfen bindiga ya ɓace a gidan Musulmi ranar taro, a wannan zamani.) Ni kuwa na bar shi ya ɗan wahala, don ya san darajar abin da za a yi masa.

Sannan na gyara mayafi, na ɗauko naɗin zanen a hannu biyu kamar mai kai lefe, na fito gaban jama'a. Tunda ba zan yi masa magana kai tsaye ba, sai na dubi Hajiya Rabi, wata 'yar Maraɗi mai abinci, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Hajiya, a gaya wa maigidan ga ƙarfen mutane. Mu a garinmu ba a mayar da kayan amana da dauɗa."

Na warware zanen. Rana ta daki ƙarfen nan har wani Alhaji ya kare ido. Hajiya Rabi ta ce tubarkalla, mata biyu suka yi guɗa. Na tsaya ina jiran sauran yabon.

Mijin Auta ya daɗe yana kallon abin da ke hannuna. Leɓensa ya motsa, na ɗauka hamdala yake yi, ashe salati ne. Sai ya durƙusa har ƙasa ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri." Na ce ba komai, yi wa kai ne. Ya juya wurin tsohon ya fara magana da Turanci a hankali, yana dafa ƙirjinsa. Fuskar Mista Roy ta yi ja, jikan ya buɗe baki ya kasa rufewa. Har a lokacin ni ina ganin mamakin kyan aiki ne.

Auta ce ta jawo ni kicin, da ɗanyen jegonta, ta rufe ƙofa. Ta ce baƙin nan shi ne aikin. Tsatsar da dafuwar duk da gangan ne, haka ake yi wa ƙarfe riga don kada ruwa ya ci shi, kuma wata guda mijinta ya yi yana ɗora ta kaɗan-kaɗan. Na ce wace irin riga ce baƙin tukunya? Ta dube ni ta ce, "Inna, kin tuna tandarki ta waina?"

Nan take na gane ta'asar da na yi. Tandar nan gadon uwata ce, baƙa ƙirin, shekara da shekaru mai yana shiga jikinta, shi ya sa waina ba ta kamawa. Auta tana 'yar shekara tara ta ɗauke ta ta dirje da yashi don ta burge ni. Dukan da na yi mata ranar sai da maƙwabta suka shigo ceto. Ni da bakina na ce mata, ba kowane baƙi ne dauɗa ba, shashasha.

Na tambaye ta me mijinta yake gaya wa tsohon. Ta ce cewa ya yi laifinsa ne, shi ya bar ƙarfen a waje, kuma bai yi wa mahaifiyarsa bayani ba. Mahaifiyarsa, in ji shi. Zai sake aikin, in kuma an ɓata abin da ba ya gyaruwa, duk hukuncin da tsohon ya yanke ya karɓa.

Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Na ratsa matan da ke guɗa ɗazu, na je na tsaya gaban surukina, na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura aurensu.

"Gaya masa ni ce," na ce. "Kada ka rage komai. Ka ce ba ka sa ni ba, ba ka sani ba, kaifin idona ne ya ja."

Ya sunkuyar da kai ya fassara. Mista Roy ya karɓi bututun da hannunsa mai rawa, ya juya shi, ya kai babban yatsansa kan haruffan nan na gindi ya shafa. Sunan mahaifinsa ne. Suna nan daram. Ya sauke numfashi, ya dube ni daga sama har ƙasa, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya faɗi wata magana, Alhazawa suka fashe da dariya har da mai buga ƙafa. Mijin Auta ya yi ta kame-kame kafin ya fassara mini: wai tun da aka ƙera bindigar nan ba ta taɓa yin tsabta irin ta yau ba, kuma wai ko Mama tana karɓar aikin mota, tasa ta shekara goma ba ta ga ruwa ba.

Na ja mayafi na rufe fuska. Hajiya Rabi, wadda ta fi kowa tubarkalla ɗazu, ita ta fara cewa ai ita tun farko ta ga abin bai yi mata ba.

Aikin dai sai da aka sake shi daga tushe, ga lokacin farauta yana matsowa. Da yake wutar jego kullum tana ci safe da yamma, ni na karɓi dafuwar. In an sauke ruwan Auta, sai a ɗora komin ƙarfe, ina iza wuta, shi yana tsaye da buroshinsa. A bakin murhun nan na fara tambayar surukina abu da bakina, yana ba ni amsa. Soson ƙarfena kuwa Auta ta ɓoye shi, har na bar ƙasar ban sake ganinsa ba.

An gama saura 'yan kwanaki a buɗe daji. Baƙin ya dawo, sai dai in ka karkata ƙarfen a rana za ka ga wasu siraran zane na yashina da suka ƙi ɓacewa. Mijin Auta ya so ya ƙara gogewa, tsohon ya hana. Ya ce a bar su, mahaifinsa ya sa hannu a gindi, Mama ta sa a tsakiya. Ni da ban taɓa sa hannu a takarda ba sai dangwale, ga sa hannuna yana yawo a dajin Amurka. Da mijin Auta ya samo tasa barewar ya yanka, na yi dambun nama na aika wa tsohon da kwano guda, kwanon kuma na wanke shi wankin hankali.

Allah ya ba ni suruki mai rufa asiri da maƙwabci mai yalwar zuciya a rana ɗaya, ban kuma yi abin da na cancanci ko ɗaya ba. Idona har yanzu yana nan da kaifinsa, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai dai yanzu in na ga baƙi a jikin kayan wani, nakan naɗe hannuwana tukuna, in aika a tambayo.